Itacen goro a ɗakin Mawada

Mawada ba 'yar ƙauyenmu ba ce, aure ya kawo ta. A birnin Madani anka haife ta. Ubanta Bahaushe ne mai shagon yadi, uwarta ma tamu ce, amma a gidansu da Larabci ake kwana, da shi ake tashi. Hausa sai in za a yi gulmar baƙo yana zaune. Ta yi makaranta har ta gaji da ita, tana duba takardar likita ta gaya maka ciwonka. Ɗan ƙanena Muzammil, wanda ni na goye shi bayan uwarshi ta rasu, shi ya gano ta. Goro yake kai wa uban nata. Ya kai goro, ya kai goro, ran nan ya dawo ya tsuguna gabana ya ce, "Gwaggo, na ga mata."

Na ce, "Ta iya tuƙa tuwo?"

"Za ta koya."

"Gaisuwa fa?"

"Da Larabci dai."

Na ce, "To Allah shi ba ka haƙuri, mu ma shi ba mu."

Anka kawo ta ƙauyenmu na bakin bahar, babban kogin nan, kusa da Suki, gidansu katanga ɗaya da nawa. Tuwo ta koya. Surfe ta koya, hannunta ya yi kanta. Hausa ce ta ƙi ta. Wata rana a gidan suna matar liman tana ba da labarin kadan da ta gani a mashaya, Mawada ta so ta yi raha irin tamu, ta ce ƙarya kike. Bakinta bai iya kama ƙa ɗin nan tamu ta maƙogwaro ba. Sai ta nuna matar liman da yatsa ta ce, "Wallahi Hajja, ke karya!" Mata sunka faɗi ƙasa da dariya, har da masu riƙe ciki. Matar liman ta yi shekara ba ta amsa gaisuwarta. Tun daga ranar Mawada ta rufe bakinta. Komi ka faɗa mata da Hausa, ta gane ko ba ta gane ba, sai ta ce "to". Ba ta ƙara tambayar kowa ma'anar kalma ba.

Ni kuwa na rantse ba zan yi wa jikar mutanen Sakkwato Larabci ba. Ba don ban iya ba, na fi ta iya zagi da shi.

Haihuwa ba ta zo musu ba. Sunka zauna su biyu, shekaru suna wucewa, yana dawowa daga kasuwar Suki da ɗan kifi ko lemo a aljihu, ita tana haɗa mishi jabana, gahawar nan tamu, a ƙarƙashin rakuba, rumfar nan ta karan dawa. Ta bayan katanga ina jin dariyarsu, ina tsaki, manyan mutane kamar yara.

Goron da muke ci a ƙasar nan duk daga yamma yake zuwa, ta Chadi, a bayan lori, hanya mai nisa. Kakanninmu da sunka baro gida sun bar gonaki da kaburbura, amma ba su bar goro ba. Ba a ɗaura aure ko a raɗa suna babu shi. Duk da haka babu ko mutum ɗaya a ƙauyenmu da ya taɓa ganin itacen da ido. Ni har na tsufa ina zaton tono shi ake yi kamar gyaɗa. Wata shekara Muzammil ya buɗe huhun daushe, tsohon goron da ya kwana a ganye, ya tarar da ɗaya fari ya tsage ya fitar da tsiro. Wani mai hankali da ya cinye abinshi. Shi sai ya samo fasasshen zir, babban tulun ruwan nan, ya cika da ƙasar bakin bahar ya binne shi, ya ajiye a inuwa kusa da tulunan sha inda ƙasa ke da sanyi. Ya kewaye shi da buhu yana jiƙawa safe da yamma, wai a can ƙasarsu iskar ma jiƙaƙƙiya ce.

Na ce, "Kai da jikokin da ba ka haifa ba ku ci lafiya."

Abin ya fito. Ganye dogaye masu ƙyalli kamar an shafa musu mai. Har daga Kamlin wani tsoho ya zo ya duba, ya taɓa ganyen ya shafa a fuska yana hawaye. Ya kai tsayin gwiwa lokacin da Muzammil ya tashi tafiya yamma ɗauko kaya, gab da azumi. A bakin ƙofa ya ce wa Mawada, ina tsaye ina ji, "Amana ce wannan. Ki riƙe mini shi har in dawo."

Ta ce, "To." Wannan kam ta gane.

Cikin azumin yaƙi ya tashi. Ya buga waya daga hanya ya ce sun tsaya, ana jiran gari ya lafa. Daga nan wayar ba ta ƙara shiga ba. Mawada ta riƙa hawa tudun bayan masallaci inda ake samun shabaka, wato sabis ɗin waya, tana ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa. Damina ta zo ta wuce. Sannan yaƙin ya iso Madani, yayanta Zakariya ya sauka a gidanta da iyalinshi da abin da hannu ya iya ɗauka. Uwarsu anka wuce da ita Gadarif wajen dangi. Bayan nan wani direba, Yahya, ya iso ƙauyenmu a ƙafa, ya rame kamar kara. Ya ce ya wuce lorin da Muzammil ke ciki a ƙone a gefen hanya, mutanen wurin sun ce sun binne waɗanda sunka samu. Bai ga fuska ba. Bai san su nawa ba ne.

Anka taru a tsakar gidan, liman ya zo. Ya ce wa Mawada, "Ɗiyata, labari ne ba gawa ba. In zuciyarki ta gaskata, ki shiga takaba, kuma a irin wannan zamani kina iya ƙarasa ta wajen danginki. In ba ta gaskata ba, babu mai tilasta miki."

Zakariya ya ce, "Umma tana kwance a Gadarif tana kiran sunanki. Za ki zauna nan kina jiran wanda ya riga mu gidan gaskiya?"

Ta miƙe. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar. Ta nuna zir ɗin ta ce da Larabci, sannan ta maimaita da guntuwar Hausarta don mu ji, "Ya ce in riƙe har ya dawo. Wannan yana rai, shi yana rai. Ranar da wannan ya mutu, ku kawo farin zanen takaba, in bi ka, Yaya."

Liman ya ce astagfirullah, ran mutum ba a tukunya yake ba. Zakariya kuwa ɗan kasuwa ne, ya kama maganar tun ba ta faɗi ƙasa ba. Ya ce, "Kowa ya ji. Kalas, magana ta ƙare." Ya dubi itacen, ya dubi rana, na ga yana lissafin bazara a ranshi.

Ni na goyi yaron, kuma tun ranar da direban ya buɗe baki bayan nan nawa da ya goye shi ya gaya mini ba zai dawo ba. Amma ba a tambaye ni ba.

Daga ranar itacen ya bar tsakar gida. Ta shigar da shi ɗakinta kusa da taga, ta sa labule, don awaki da bakin mutane da 'ya'yan Zakariya. Ba mai shiga. Ruwan rijiya ta ce yana da gishiri, sai ta riƙa zuwa bahar da kanta tana ɗebowa. Da yaƙin ya matso mu ma munka gudu daji, kowa ya ɗora abin da ya fi so a amalanken jaki. Ita ta bar keken ɗinkinta da katifarta, ta rungume zir a cinya, ta lulluɓe shi da tob ɗinta, mayafin da take rufa da shi, ita kanta a buɗe cikin rana. A can ruwan da anka raba mata na sha, rabi shi take ba. Leɓenta ya tsage. Na zage ta har na gaji. Da munka dawo, babu keke, babu katifa, babu ko ƙyauren ɗaki. Ta sa buhu a ƙofa ta mayar da zir wurinshi.

Bayan dawowarmu ne ganyen ya fara yin fari-fari. Ta leƙo ta kan katanga da ganye ɗaya a tafin hannu, idonta kamar wadda ta ga maciji.

"Gwaggo, duba."

Na juya shi na shinshina. Na yi noma a hawasha, gonar ban-ruwa, tun ban fara ɗaura zane ba, na san yunwar shuka in na gan ta. Na ce, "Ƙasar ce ta gaji. Shekara nawa yana cin tulu ɗaya? Ki sa mishi taki. Kaɗan-kaɗan, wanda ya huce. Kada ki sa mai zafi, ƙone shi zai yi."

Ta ce, "To."

Kowace 'yar ƙauye ta san abin da nake nufi: kashin awaki da ya daɗe a jibge ya ruɓe, zafinshi ya fita. Na koma harkata. A kwanakin nan na lura kullum in na tashi murhuna a share yake tas, har wurin da nake toya kisira, wainar nan tamu ta dawa. Na ce a raina, ashe wahala tana koya wa 'yar birni ladabi. Har albarka na sa mata.

Ita kuma tana ƙara ramewa. Ba ta zama a ci abinci. In na tambaya ta ce, "Ina sa mishi, Gwaggo, kullum ina sa mishi." Na ce a ƙara haƙuri, shuka ba ta ƙoshi rana ɗaya. Zakariya yana zaune a rakuba yana jan carbi, idonshi a kan buhun ƙofarta.

Wata safiya ta shigo gidana da kwano, ta tsaya a kan murhuna. Ban hura wuta ba ranar, babu abin dafawa. Ta ce, "Gwaggo, yau babu taki? Ganye yana zuba. Na je gidan liman ma sun zubar da nasu."

Na ce, "Taki a murhu? Akuya ce ke kwana a ciki?"

Ta nuna gurbin wutar. "Wannan. Taki. Wanda ya huce."

Na dube ta, na dubi murhun. Na ce, "Ke! Wannan toka ce. Toka! Mi kinka yi?"

Ban jira izini ba, na ture buhun na shiga. Zir ɗin cike yake har baki da toka, fara fat, ta sha ruwa ta daskare kamar siminti. Tokar gabaruwa, irin wadda muke tacewa mu yi sabulu, wadda ke cin fatar hannu. Ganyen sun ƙone daga baki sun nannaɗe, wasu a ƙasa ta tara su a faranti ta rufe da ƙyalle. Da ta ga yana ƙara lalacewa, sai ta ɗauka bai ƙoshi ba, ta ƙara mishi. Ya ƙara lalacewa, ta ƙara.

Ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce da Larabci, a hankali, "Samad kike nufi."

"Samad mana!"

"Ni na ji ramad."

Ku duba wannan abu. Da Hausa taki da toka, da Larabci samad da ramad. Ko da wane harshe na faɗa, da bakin nan nawa da haƙori huɗu sunka rage, haka za ta ji. Mata sun ce da na nuna mata da hannu. Su da sunka yi mata dariya har ta daina tambaya, yanzu su ne masu wa'azi.

Ba ta yi kuka ba. Ta fara tonon tokar da farce. Na ce ta bari, na aike ta bahar. Munka fasa zir ɗin a kan tabarma, na zare itacen. Saiwoyin da ya kamata su zama farare sun yi baƙi, suna saɓulewa a hannu kamar dafaffen zare. Munka wanke abin da ya rage da ruwan bahar, wanki bayan wanki. Ta ba da tulun shanta, munka huda gindin. Na aike ta lambun mangwaro ta kwaso ruɓaɓɓen ganye daga ƙarƙashi, munka haɗa da laka, na je da kaina bayan garken maƙwabci na tono tsohon taki da ya koma ƙasa. Na kama hannunta na cusa a ciki.

"Wannan mi ne?"

"Taki."

"Sake faɗa."

"Taki, Gwaggo."

Ranar na yi mata Larabci, karo na farko tun da anka kawo ta. Na bayyana mata komi, yadda za ta ba shi ruwa, yadda ba za ta ƙara mishi komi ba ko da mala'ika ya ce ta ƙara. Ta dube ni ta ce, "Ashe kin iya haka." Na ce ta rufe mini baki.

Ganye uku sunka rage, sannan biyu. Ta daina fita ko tudun shabaka. Ta jiƙa tob ɗinta ta yi mishi rumfa da shi, tana fesa ruwa da baki kamar mai guga. Wani ya kawo mata farin samad na gona a ƙullin leda, na ƙwace na watsa bayan gida, ta bi ni tana roƙo kamar na ƙwace mata nono. Ta karɓo rubutu wajen liman, wai na ciwon kanta ne, ta zuba a tulun. Ta ɗaure ganyen ƙarshe da zare a jikin reshen don kada ya faɗi. Ya bushe a ɗaure. Na shiga na same ta tana yi mishi magana da Hausa, irin kalmomin da Muzammil ya koya mata a bakin akushi, tana jera su ba kan gado: ruwa, gishiri, sannu, na gode, ƙaro.

Sai sanda kawai ya rage a tsaye, siriri kamar tsinken tsire.

Saƙo ya zo daga Gadarif cewa uwarsu ta daina cin abinci. Zakariya ya samu wuri a lorin da zai tashi bayan Juma'a. Ya zo ƙofarta da hantsi, ya kira ni, ya kira liman. Bai yi faɗa ba, shi ma ya gaji. Ya ce, "Mawada, fito da shi mu gani. Ga Gwaggo Hajja Hadizatu nan, ta san shuka, ita za ta faɗa. In ta ce yana da rai, wallahi in tafi ni kaɗai in gaya wa Umma ba ki zuwa."

Ta fito da tulun ta ajiye a tsakiyarmu. Kowa ya zuba mini ido. Ana gane wannan da farce, a kankare ɓawo kaɗan a duba ƙarƙashi. Na miƙa hannu, na tsaya kafin in taɓa shi. In na ce ya mutu, na kashe ɗana da bakina. In na ce yana da rai, na ɗaure ɗiyar mutane a gindin sanda, uwarta ta mutu ba ta gan ta ba.

Mawada ta riƙe wuyan hannuna. Ta ce, "Bari, Gwaggo. Amanata ce."

Ta tsuguna. Ta kama saman sandan ta lanƙwasa, ya karye ƙaras, busasshe. Ta sauko ƙasa kaɗan ta sake, ƙaras. Zakariya ya sauke numfashi. Ta sauko har gindi, dab da ƙasa, ta lanƙwasa. Wannan bai yi ƙara ba. Ya tanƙwaru, ya tsage a hankali, kuma ni da nake tsugune kusa da ita na ga cikin. Ɗanye ne. Kore-kore, da ɗan ruwa yana tsattsafowa. Mazan suna tsaye ta bayanta, ba su gani ba.

Ta daɗe tana kallon wurin. Na ga fuskarta, fuskar macen da ta kwashe shekaru ba ta yi barci ya kai mata ciki ba. Sannan ta ɗora babban yatsanta a kan tsagar ta rufe. Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido. Ni da ba a taɓa rufe mini baki a ƙauyen nan ba, na haɗiye abin da na gani.

Ta ce, "Ya mutu, Yaya."

Liman ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Zakariya ya rufe fuska da rawaninshi, kafaɗunshi suna girgiza.

Ta murɗe gindin ta cire, ta dunƙule shi a hannu ba ta ba kowa ba. Ta zare 'yan kunnenta da hannu ɗaya ta miƙo mini. Na kai ta ɗakina na zaunar da ita a kan angarib, gadon igiya, na zauna a bayanta na fara tsefe mata kitso. Sai a lokacin kukan ya zo mata, ya zo mini, muna yi ina tsifa. Da na kai rabi na leƙa waje na daka wa matar Zakariya tsawa ta ɗora ruwan wanka, ta kuma duba ƙasan akwatina, akwai farin yadi da na ajiye don likkafanina, ta yanko mata rabi na takaba.